Minti Ukun Mai Jar Hula

A zauren majalisar birninmu, minti uku ake ba kowa ya faɗi damuwarsa. Yau ga wata tsohuwa tsaye, da jar hular sanyi, ƙanƙara na narkewa daga takalmanta. Bas ɗin unguwarsu ake shirin rage wa zirga-zirga. Katin masu dubiya na maƙale a rigarta. Ina jin kullum sai ta je asibiti wajen wani nata.

Ba ta ce uffan ba, agogo kawai take kallo.

"Madam Tibbets, lokacinki na tafiya," in ji magajin gari.

"Har ka gaji, yallaɓai? Ni minti arba'in zan riƙa tsayawa a titi ina jiran bas."

Jar fitilar cikar lokaci ta kama. Har yanzu ba a kira na gaba ba.