Falke Ne, Ba Falaki Ba

Ni ba na cikin masu kewar tatsuniya. Ta kakata, Iya Rabi, ta ja mini kunyar da har yau ban huce ba.

A unguwar Manfuha, a ƙasar Larabawa, muka tashi. Idan sanyi ya shigo, bayan magariba Iya takan hura gawayi a kasko a saman bene, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Labarinta ɗaya ne kullum: wasu 'yan'uwa uku na gidan Falaki da suka auna sama, suka ƙirga taurari, suka gaya wa sarki ranar da wata zai yi husufi. Wai zuriyarsu ta bazu ƙasa ƙasa, likitoci da masana, har tituna aka sa wa sunansu. Sai ta ɗauko iƙamar Baba, takardar izinin zamansa, ta dangwala yatsa, ita da ba ta iya karatu ba. "Ga shi nan, Falaki. Jininku ne, kada wanda ya raina ku."

Na haɗiye duka. Ranar da malama ta ce kowace ta faɗi asalin sunan gidansu, na miƙe na zuba. Ta bari sai da na gama, sannan ta tambaya ko daga Maraɗi, garinmu na asali, aka auna saman. Ajin ya kwashe da dariya. Har na bar makarantar ana tare ni ana tambaya ko gobe za a yi ruwa.

Na tsare Baba a gida. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce kakanmu falke ne, fataucin goro da kanwa yake yi a kan jakuna. Ma'aikacin da ya yi takardun gidanmu ya rubuta Falke da Larabci babu wasali, kowa ya karanta Falaki. Kuma Iya ta sani sarai.

Na same ta tana tsince shinkafa, na ce ƙarya ta yi mana. Ta ce, "To, marar kunya, da me falke yake gane hanya a daji in ba taurari ba?" Ban sake hawa benen ba.

Ta rasu yanzu. Na gane so take mu sami abin tsayawa a garin da aka haife mu amma ake ce mana baƙi. Abin da ban yafe ba, ta ɗauki kakanmu abin ɓoyewa. A shagon da nake aiki a unguwar Suwaidi, duk wadda ta ga sunana ta tambaya ko dangin masanan gidan Falaki ce ni, sai in ce a'a, kakana jakuna yake kora.