Ranar da Aka Mayar da Anti Mukulli 'Yar Kallo

Maƙwabciyata, wadda muke kira Anti Mukulli, a kamfanin sabulu take aiki. Ni boko bai daɗe da ni ba, amma ta yi min bayani har na gane. Akwai wata babbar kwamfuta a ɗaki mai sanyi kamar firij, duk lissafin ciniki cikinta yake taruwa, ita kuma take raba izinin shiga. Wani "kallo kawai" za ta ba shi, ya ga zanen ciniki ya yi gaba. Wani ta bar shi ya yi gyara. Babban izini kuwa, na bayarwa da ƙwacewa, nata ne ita kaɗai.

Shi ya sa tun da na san ta ba ta taɓa hutu ba. Ko shanya take yi, waya na maƙale a kunne: "Ba zan buɗe maka ba. Me direba zai yi da lissafin riba?"

Sai 'yarta ta haihu a wani gari. Na leƙa ta katanga na ce, "Anti, jikan ma ta waya za ki goya shi?" Ta jefo min silifas. Amma maganar ta shige ta, don cikin satin ta miƙa babban izini ga Dogo, abokin aikinta da ta horar, ta hau mota tana waiwaye.

'Yar ce ta ba ni sauran labarin. Anti tana isa, ko mayafi ba ta cire ba, ta buɗe kwamfutarta wai za ta ɗan duba. Duk inda ta danna gyara, shiru. Ta kira Dogo.

"Kai! Wa ya taɓa min izini?"

"Ni ne, Anti. Mai hutu kallo kawai yake yi, haka dokar take."

"Wane marar imanin ne ya kafa ta?"

"Ke ce, bara."

"To mayar min."

"Ki dawo tukuna. Ya mai jego?"

Tana zaune tana huci, 'yar ta janye kwamfutar ta ɗora mata jariri a cinya. Ya damƙe mata yatsa, ita kuma ta kasa tashi. Haka ta cinye hutunta tas.

Ta dawo har da kumatu. Na ce, "Anti, za ki kori Dogo?"

Ta ce, "In kore shi? Ƙaramar 'yata ma ciki gare ta, wa zai riƙe min aiki in na tafi?"