Ranar da Na Karɓi Muciya

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙungiyar matan unguwarmu a Mahuta, ba wadda ta taɓa tsokanata. Ƙorafina ke nan, kuma na san ba alƙalin da zai saurare shi.

Aure ne ya kawo ni daga Funtua, ina koyarwa a firamare. Aikin ƙungiyar girkin biki da na suna. Duk gidan da sha'ani ya tashi, can za mu haɗu tun da hantsi, a kafa murhu, a jera tukwane. Ni kuwa sai a ɗauko mini kujerar roba a kai inuwa. Malama ba ta shiga hayaƙi.

Akwai wata da ta taɓa ƙona shinkafa a wani suna a Dandume. Shekara uku ana kiranta Uwar Ƙanzo. Da ta yi sallama za ka ji an ce, "Ku ɓoye ashana, ga ta nan!"

Ita kuma ta ce, "Ke da miyarki ba ta da maraba da ruwan wanke hannu?"

Sai shewa, har da tafawa. In na sa tawa dariyar, sai tasu ta lafa, kamar hedimasta ya leƙo aji. Wallahi na yi sha'awar sunan nan nata.

A wani biki bayan kaka, sai na ɗaure gyale a ƙugu, na miƙa hannu ga muciyar da shugabarmu ke riƙe da ita.

"Haba Malama, da hannun alli?"

"Hannun allin ma tuwo yake ci, Hajiya."

Ta sakar mini. Ashe tuƙin babbar tukunya daban yake da na gidan mutum huɗu. Na ambaza garin masara gaba ɗaya, hannuna ya mutu tun ban kai ko'ina ba, tuwon ya fito duk gudaji. Na tsaya ina haki, idona na ruwa, ina jira. Har amsar da zan mayar na tanada.

Uwar Ƙanzo ta gutsura, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar. Na ga maganar ta zo mata har leɓe. Sai ta saci kallon Hajiya.

"Ya yi, Malama. Sannu da ƙoƙari."

Kowa ta ce sannu. Aka kwashe, aka rufe da faifai, aka shige da shi ɗaki. Ina wanke hannu na jiyo ana tuƙa wani a bayan rumbu, a hankali, don kada in ji ƙarar muciya.