Wurin da Take Yin Shiru

A shekarar korona, lokacin da aka kulle Dubai ruf, mu biyu kaɗai muka rage a gidanmu na unguwar Satwa, ni da 'yata. Maigidan ya je Kano duba mahaifiyarsa, kwana goma ya ce zai yi, aka rufe filayen jirgi yana can. Ni a kantin magani nake aiki, don haka ina da izinin fita. Ita kuwa makarantarsu ta koma cikin kwamfuta, tana gida tun safe har yamma. Shekarunta goma sha biyar a lokacin.

'Yar fari ce. Wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da nake nufi. Ba na kiran sunanta, "ke" ce kawai, kuma ba ma zama mu baje kolin hira yadda nake ganin maƙwabciyata 'yar Filifin tana yi da tata. Ina son ta har cikin raina, amma haka aka rene ni. Harkar makarantarta duk a hannun babanta take. Shi ya sa hannu a takardar zaɓen darussa. Ni dai na ji an ce akwai darasin kiɗa a ciki, na taɓe baki, ya ce ai yawanci tarihi ne da rubutu, na bar maganar.

Wata Talata aka sallame mu da wuri, na shigo gida bayan la'asar. Ina cire takalmi sai na ji murya daga ɗakinta. Waƙa ce, amma ba irin ta yaran yanzu ba. Babu kiɗa, babu ganga, murya ce kawai tana tafiya a hankali, ta hau ta sauko, a ja kalma ɗaya har sai numfashi ya ƙare. A Kaduna na girma, akwai coci a bayan layinmu, kunnena ba baƙo ba ne. Irin waƙarsu ce.

A kan teburin falo na ga takarda mai layi-layi da ɗige-ɗigen nan na masu kiɗa. Kalmomin ƙasa ba Turanci ba ne, amma na sama Turanci ne, kuma ya faɗa ƙarara cewa waƙar ibada ce ta coci. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! A gidana?

Na tsaya a bakin ƙofarta da jaka a kafaɗa. Ta rera, ta rera, sai ta yi shiru ɗif, can ta ci gaba, sannan ta ja tsaki ta koma farko. Sau uku ina jin haka. Na ce a raina, au, har gyara ake yi don ta fita tsaf. Ban shiga ba. Ni kaina na san bakina idan raina ya ɓaci.

Na kira babanta daga kicin, na rage murya. Layin yana yankewa, abin da na tsinta kawai shi ne, "Ki bi a hankali, ki tambaye ta." Tambaya? Na gani da idona, na ji da kunnena, me ya rage? Laraba haka na yini a wurin aiki kamar ba ni ba. Wani dattijo ya nemi maganin tari sau biyu kafin na ji shi, har abokiyar aikina ta taɓa ni ta ce, "Habibti, ƙawata, lafiya?" Da na dawo na zuba wa yarinyar ido. Ta yi alwala, na kalla. Ta ɗauki hijabi, na kalla. Duk abin da ta yi sai na ga kamar da biyu.

Ranar Alhamis da gangan na nemi a sake ni ƙarfe uku da rabi. Na buɗe ƙofar gida a hankali, na tarar ana yi. Wannan karon ban tsaya ba, na banka ƙofar ɗakin.

Tana zaune a ƙasa ta lulluɓa da bargo har kai, a wannan zafin. Daga baya na gane don kada ƙarar na'urar sanyi ta shiga cikin ɗaukar murya ne. Na fizge bargon. Ga waya a hannunta, zufa ta jiƙe mata fuska, idanunta jajur.

"Ke! Mene ne wannan?"

"Umma, aikin makaranta ne."

"Aikin makaranta ne waƙar coci?"

Sai ta hau bayani da sauri, harshe na sarƙewa. Wai su huɗu ne kacal a ajin, suna karanta kiɗan Turai na shekara ɗari huɗu zuwa biyar da suka wuce, kuma a wancan zamani kusan duk mai wannan sana'a a ƙarƙashin coci yake. Coci ke ɗaukar mawaƙa aiki, coci ke koya wa yara tun suna ƙanana, a can ake rubuta waƙoƙin a adana, ba yadda za a yi darasin a tsallake su. Waƙar murya huɗu gare ta, wannan ta shigo, waccan ta biyo ta, kowa da hanyarsa. An ce kowa ya ɗauki tasa a gida ya tura wa malama ta haɗa, kuma yau ƙarfe biyar ake rufewa. Ta ce, "Su kansu shugabannin cocin sun yi ta gardama a kai, Umma, wasu suka ce daɗin muryoyin yana rufe kalmomin, wasu ma suka…"

"Ni za ki karanta wa tarihi? Ina ruwana da gardamarsu!"

"Umma, ki tsaya ki ji…"

Ban tsaya ba. Abin da na faɗa na faɗa, ba zan yi masa kwaskwarima a nan ba. Na ce, "In an buɗe gari sai in kai ki cocin da kaina ki ƙarasa. Ashe sallar ma da kike yi ta ganin ido ce."

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai, bakinta a ɗan buɗe. Na warce wayar daga hannunta na fice.

A falo na zauna da niyyar share komai. Na ga abin da ta ɗauka ya fi ashirin. Na ce bari in saurari guda, in ya so in tura wa babanta ya ji irin tarihin da ya sa wa hannu. Na kunna. Muryar 'yata ce, ban taɓa sanin tana da murya haka ba, kuma wannan ma ya ƙara min haushi. Tana cikin tafiya sai shiru. Ana jin numfashinta, ana jin wata mota ta wuce a titi, sannan ta ci gaba. Na kunna na biyu. Shiru a daidai wurin. Na uku, na bakwai, na ƙarshe, duk a wuri ɗaya, tsawonsa ɗaya. Mai kuskure ba ya yin kuskure daidai wa daida haka.

Na jawo takardar nan na duba da kyau, abin da ban yi ba ran Talata. Ƙarƙashin kowane layi ta rubuta fassara da fensir, ƙanana-ƙanana. Na farko roƙon jinƙai ne. Na biyu yabon Mahalicci. Sai wani layi a tsakiya da ke faɗin abin da mu ba ma faɗa game da Annabi Isa, alaihis salam. Ta zagaye shi, a gefe ta rubuta da Hausa: ba zan faɗa ba.

Na miƙe da takardar a hannu. Na duba agogo, huɗu da minti ashirin.

Na koma ɗakin. Tana nan inda na bar ta. Na zauna a bakin gado na nuna mata wurin da yatsa, don na kasa haɗa tambaya. Ta yi magana ba tare da ta ɗago ba. Tun farkon shekara, in ji ta, idan suna rerawa a aji aka zo nan, sai ta rufe bakinta. Muryoyin sauran ukun suna hawa kan juna, ba wanda ya taɓa lura. Yanzu da aka ce kowa shi kaɗai, ba wurin ɓuya. In ta tura da giɓi, tana tsoron ta ɓata wa sauran ukun aikinsu. In ta cike, ba za ta iya ba. Kwana uku ke nan tana shiga bargo, duk ta zo wurin sai bakin ya ƙi.

"Me ya hana ki gaya min?"

"Na san abin da za ki ce, Umma."

Na haɗiye wannan. Na ce ta kira min malamar yanzu-yanzu. Wata dattijuwar Baturiya ce mai furfura, ta fito a fuskar kwamfuta da tabarau a goshi. Na tattaro Turancina na wurin aiki na yi mata bayani, a shirye nake da faɗa. Matar ta saurara har na gama. Ta ce ba za ta ɓoye mana ba, a irin wannan waƙa furta kalmomi yana cikin abin da ake dubawa, don haka yarinyar za ta rasa ɗan maki. Amma ta turo yadda yake, ita za ta cike wurin da molon tebur ɗinta, wato piyano, sauran ukun ba abin da zai taɓa su. Khalas, in ji Larabawa, magana ta ƙare cikin minti biyar. Abin da ya hana 'yata sukuni kwana uku ke nan, abin da na kasa tambaya.

Ta zaɓi guda ta tura, biyar saura minti goma.

Na shiga kicin na dafa mata taliya da miyar kifi, abin da ta fi so. Haƙurin da na iya bayarwa ke nan, bakina ya kasa furta sauran. Ta ci kaɗan, ta ce an gode.

Da aka kira magariba, ladan ya ƙara da cewa kowa ya yi salla a gidansa, yadda ake yi a kwanakin. Tun da aka rufe masallatai a falo muke yi ni da ita, kafaɗa da kafaɗa. Na shimfiɗa dardumata na bar mata wuri. Ta fito daga alwala, ta ɗauki tata, ta nufi ɗaki.

Na ce, "Ke, zo mana ga wuri."

Ta tsaya riƙe da ƙofa, cikin ladabi, ba fushi a muryarta. "Bari in yi a ciki, Umma. Kada ta zama ta ganin ido."

Ta rufe ƙofar a hankali. Har aka yi azumi, har aka buɗe gari babanta ya dawo, ba ta ƙara yin salla a inda zan gan ta ba.