Igiyar Shanya a Gidan Nana Abrafi

Duk wanda ya daɗe a Konongo ya san Anti Dufie, in bai san sunanta ba ya san lemarta. Baƙar lema ce mai karyayyen ƙarfe ɗaya. Da ita take tare rana, da ita take tsayar da mota, da ita kuma take dungurina a kafaɗa idan ta ga na taka wuta da yawa. Ni ne mai tasin da take ɗauka duk lokacin da za ta shiga ƙauye. Sunana Kwarteng, amma ita "direban lahira" take ce min, alhali ko kaza ban taɓa takewa ba.

Ba lauya ba ce. Lauyan ofishinsu daga Kumasi yake zuwa jefi-jefi, ya sa hannu ya koma. Ita ce ke zama a ɗan ɗakin nan na bayan kotu, tana karɓar mutanen da suka riƙi ɗan wani kuma suke so doka ta mai da shi nasu. Ita za ta raka su wurin ma'aikatan jin daɗin jama'a, ta koya musu yadda ake magana gaban alƙali, sannan ta nemo dangin yaron su dangwala yatsa cewa sun yarda. Wannan neman dangin shi ya cinye min tayoyi.

Ita ma riƙonta aka yi. Matar da ta raine ta ta rasu lokacin ita Anti tana budurwa, dangin matar suka zo makoki suka raba gida har tukwane, sannan wani ya dube ta ya ce, "Ke kuma 'yar wace ce?" A ranar ta bar gidan da kayanta a ɗaure cikin zani. Ba daga bakinta na ji labarin ba, a gari na tsince shi. Amma in ka ji yadda take matsa wa mutane su yi takarda, ka san ciwon bai warke ba.

Tana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi mata dariya a kai. Duk gidan da muka je, kafin ta gaida kowa sai ta tsaya ta ƙare wa igiyar shanya kallo. Wata rana na ce, "Anti, wanki kika zo karɓa ne?"

Ta ce, "Rigunan 'yan mata nake dubawa, sakarai. In na ga sun cika igiya, yau za mu koma da wuri. Gidan da yake da mata ba ya jayayya a kan guda ɗaya."

Ban ƙara dariya ba, don a wurinmu ta wajen uwa ake bin dangi da gado, ni ma na san gidanmu na uwata ne, kuma 'ya'yan ƙanwata ne za su ci gaba da shi, ba nawa ba.

Maame Pokuaa tana sayar da fufu da miyar gyaɗa a bakin tasharmu. Ita da mijinta Allah bai ba su haihuwa ba. Shekarun baya wata yarinya mai daka mata fufu ta haihu, ba a san uban ba, ta rasu tun jaririyar ba ta fara zama ba. Danginta suka zo daga wani ƙauye can bayan Juaso, suka ɗauki gawa, suka dubi jaririyar duk ta rame suka ce za su dawo. Ba su dawo ba. Pokuaa ta goya ta a baya tana tuƙa miya, ta kwana da ita a asibiti, ta sa ta makaranta. Sunan yarinyar Afrakoma, amma duk tasha Afra muke ce mata, kuma ba wanda ya taɓa jin ta kira wata "Mama" in ba Pokuaa ba.

Anti Dufie ce ta taso da maganar. Kullum ta zo cin abinci sai ta ce, "Pokuaa, ranar da kika faɗi, wa ya san yarinyar nan?"

"Kowa ya san ta. Ki ci abincinki."

"Ni ma kowa ya san ni."

Haka ta yi ta yi har Pokuaa ta gaji ta yarda. Aka yi duk zirga-zirgar da ake yi, ya rage yatsan dangi. Anti Dufie ta ja wa Pokuaa kunne a gabana: ta zo da kwalbar giyar da ake kai wa dattawa gaisuwa, ta zo da mijinta in ya samu dama, amma yarinya ta zauna a gida.

Da safen da za mu tafi, sai ga Pokuaa ta fito da Afra a hannu, an yi mata sabon kitso, an sa mata farar rigar coci da farin takalmi. Anti Dufie ta buga lemarta a ƙasa.

"Me na gaya miki?"

"Haba Anti, in je in roƙi mutane 'yarsu, ban nuna musu ita ba? Su ce me nake ɓoyewa? Bari su ga yadda na riƙe ta, ko kunya ta kama su."

"Ba kunya ce za ta kama su ba."

Amma Pokuaa ta riga ta tura yarinyar cikin mota. Na fahimce ta, wallahi. Mace ta kusa shekara tara tana wahala, tana so wani ya gani ya ce sannu. Aka daidaita cewa Afra za ta zauna a mota tare da ni.

Hanyar ta bi ta cikin gonakin koko, inuwa ta rufe ta, ba ka jin komai sai ƙarar motata. Gidan babba ne, irin na da, ɗakuna sun zagaye tsakar gida, amma rabin ƙofofin a kulle suke, ciyawa ta fito a bakinsu. Na tsaya daidai ƙofar shiga, inda nake hango komai. Anti Dufie ta fita, ta juya ta dubi igiyar shanya. Ni ma na duba. Gajerun wandunan makaranta ne reras, da singiletin maza, da zanin tsohuwa guda ɗaya a ƙarshe. Babu siket, babu rigar yarinya ko ta jariri.

Ta leƙo ta taga ta ce min a hankali, "Ɗaga gilashi. Kada ta fito, ko fitsari take ji."

Aka ba su kujeru, aka ba su ruwa, aka tambaye su abin da ke tafe da su. Kawun marigayiyar, wani dogon dattijo mai suna Baffour, ya karɓi kwalba ya saurari bayani. Bai yi gardama ba. Ya ma yi wa Pokuaa godiya, ya ce ta sauke musu nauyi. Na ga Anti Dufie ta buɗe tawada da sauri irin wanda ban taɓa gani a wurinta ba, ya danna babban yatsansa a ciki.

Ni hankalina yana can, ban ga fitowar tsohuwar ba. Sai ji na yi ana ƙwanƙwasa gilashin baya da sanda. Nana Abrafi ce, uwar gidan gaba ɗaya, ta tsufa har ta ranƙwafa. Kafin in yi magana Afra ta sauke gilashi, don an koya mata ladabi, ta gaishe ta.

Tsohuwar ta miƙo hannu ta taga. Ta kama haɓar yarinyar, ta juya fuskarta dama da hagu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "'Yar wace ce ke?"

"'Yar Maame Pokuaa ce."

Tsohuwar ta yi murmushi. Ta kwance wasu tsofaffin duwatsun ado daga hannunta, ta ɗaura a hannun Afra, ta ƙulle zaren da haƙori. Ta juya ta shiga gida a hankali, sandarta na ƙwas ƙwas. Ba ta ɗaga murya ba, amma har mota na ji ta.

"Baffour, goge yatsanka."

Ya goge a jikin zaninsa.

A hanyar dawowa Pokuaa kuka take yi ƙasa-ƙasa don kada yarinyar ta gane. Abin da muka ji daga baya shi ne, lokacin da suka bar jaririyar gidan cike yake da mata. Ɗaya ta rasu, ɗaya ba ta haihu ba, sauran duk maza suka yi ta zubowa, Afra kaɗai ta rage da za ta ci gaba da gidan. Ba su ma tuna akwai wata a Konongo ba, sai da muka je da ƙafarmu muka tuna musu.

Anti Dufie ba ta saki ba. Ta rame a kan shari'ar nan. Ta kawo malamar makarantar Afra, ta kawo ma'aikaciyar asibitin da ta san jinyarta, ta kawo mu direbobi muka yi layi da wankakkun riguna muna ba da shaida. Ta hana lauyan Kumasi sakat har ya daina ɗaukar wayarta, sai ta bi shi gida. A ƙarshe alƙali ya ce dangin sun yi watsi da yarinya tun tana tsumma, ya ba Pokuaa da mijinta ita. Tasha ta kaure da murna, Pokuaa ta raba fufu kyauta.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne mutanen ƙauyen ba su yi fushi ba. Baffour ya zo har gaban Anti Dufie ya rusuna ya ce, "Sannu da aiki. Takarda taku ce, ku adana ta da kyau."

Ranar kasuwa ta gaba, wani daga gidan Nana Abrafi ya zo rumfar Pokuaa ya sayi abinci, ya zauna a benci ya ci a tsanake. Da Afra ta dawo daga makaranta ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, uwarmu." Ƙaton mutum da gemu, yana miƙe wa yarinya. Mako na gaba wani daban ya zo, da kan ayaba da dodon-koɗi a kwando, wai Nana ta aiko wa uwar gidansu ta gobe. Haka abin ya ɗore. Ba sa zagi, ba sa taɓa ta, ba sa cewa ta biyo su. Pokuaa ta yanke duwatsun nan da almakashi ta jefar a kwata, bayan kwana biyu ta gan su a ƙarƙashin matashin yarinyar, an wanke su an sake zare.

Ta ruga wurin Anti Dufie. "Ki hana su zuwa!"

"Da wace doka? Abinci suke saya."

"Ke kika ce in yi takarda. Muna zamanmu lafiya."

Tun daga nan duk ranar kasuwa Anti Dufie a rumfar take wuni, tana zaune tana fuskantar baƙon, lema a kan cinya. Shi ya gaishe ta, ita ta amsa, kowa ya ci abincinsa.

Kwanan baya tana zaune a bayan motata za mu tafi wani ƙauye neman wasu dangin, sai ga Afra da kayan makaranta ta jingina da tagata. Ta ƙara tsawo, ta rage surutu. Ba ta lura da wadda ke baya ba.

"Baba Kwarteng, wace mota ce ke zuwa garinmu?"

Na ce, "Wane garinku? Nan ne garinku. Can ma hanyar ta lalace, mota ba ta zuwa."

Ta dube ni ba ta ko ƙifta ido ba. "Tana zuwa. Ja ce, daga bayan kasuwa take tashi. Nana ta ce in tambaye ka, in ga ko za ka faɗa min gaskiya."

Ta gyara jakarta ta tsallaka titi, inda Pokuaa ke ɗaga mata ludayi tana kiranta ta zo ta ci abinci.

Na dubi Anti Dufie ta madubi. Ta ce, "Kada ka gaya wa Pokuaa."

Na ce, "To wa zan gaya wa? Alƙali?"

Ranar na taka mota yadda raina yake so har muka wuce Juaso, ba ta dungure ni ko sau ɗaya ba.