Keken da Ulumma Ta Bari

Inna 'Yardada maƙwabciyarmu ce a Jakara, katanga ɗaya ta raba mu. Na buɗe ido na gan ta tsohuwa, zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, hula a cinya, allura a hannu. Ɗinkin hula ta yi duk rayuwarta har idanunta suka gaza. Da shi ta riƙe 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, Malam Ɗantani baduku. Uku sun riga ta gidan gaskiya, saura Auwalu, mai sayar da takalma a kasuwar Kurmi.

A ƙarƙashin gadonta akwai akwatin katako, a cikinsa keken ɗinki na hannu, baƙi, mai zanen ruwan zinariya. Ba nata ba ne, kuma kowa a lungunmu ya san haka. Takan fito da shi ta goge, ta ɗiga masa mai, ta juya hannun sau biyu ko uku don kada ya cije, ta mayar. Ko ƙyalle ɗaya ba ta taɓa ɗinkawa da shi ba, har a shekarun da tuwon dare ke gagarar gidan.

Tun da na fara tuƙa adaidaita sahu, ni nake kai ta Ƙofar Mazugal sau ɗaya a shekara, in watan Jimada na biyu ya raba tsakiya. Mu ɗauki akwatin, in shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ta zauna daga hantsi zuwa azahar tana kallon masu shigowa gari. A irin wannan zama ne ta ba ni labarin, ɗan kaɗan bana, ɗan kaɗan baɗi.

A gidan ubanta a Zaitawa, Asibi ake ce mata. Sai da ta auri Malam Ɗantani aka sauya, domin sunan mahaifiyarsa ke nan, ba mai iya kamawa a gidan. Kafin wannan aure, tana ƙaramar bazawara, takan fita Sabon Gari sayen zaren hula a shagon wata tela 'yar ƙabilar Ibo mai suna Ulumma. Ulumma ta iya Hausa irin ta Sabon Gari, ta ce wa namiji "ke", ta ce wa mace "kai". Asibi ta yi ta mata dariya, ita kuma ta rama da cewa wanda ke kwashe wata guda a kan hula ɗaya bai isa ya yi wa kowa dariya ba. Asibi na kai mata alkaki. Ita kuma in aiki ya yi sauƙi ta bar ta ta juya keken.

Shekara shida bayan samun 'yancin kai gari ya rikice. Labari ya yi ta zuwa cewa ana kashe Ibo a garuruwan Arewa. Wata Juma'a Asibi ta je sayen zare ta tarar ana ɗaure kaya. Ulumma ta ce su haɗu washegari a Ƙofar Mazugal, don ita ba ta taɓa shiga cikin birni ba, kuma ba ranar ce za ta fara ba.

Ta zo da ɗan dako ɗauke da akwatin.

"Asibi, riƙe mini," in ji ta. "Jirgin ƙasa ba wurin kaya, mutane ma a kan rufi suke hawa. In hankali ya kwanta zan zo nan wurin, rana irin ta yau. In ba baɗi ba, wata shekarar."

"Ai sai ki tarar na ƙwace miki sana'a."

"Kai? Kai da ba ka iya saka zare a allurar keke ba?"

Suka yi dariya, ta juya ta tafi. Da yammacin ranar aka fara jin harbi daga wajen filin jirgin sama, daga baya ta wajen tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Waɗanda suka fita washegari sun dawo ba su iya cin abinci ba. Asibi ta tambayi mahaifinta nawa ga wata, ya ce Jimada na biyu ya raba tsakiya. Ta riƙe wannan.

Ko da Malam Ɗantani ya zo neman aurenta, sharaɗi ɗaya ta kafa masa: rana ɗaya a shekara zai bar ta ta fita. Ya yarda. Ta ce mini har ya mutu yana tsokanarta, in ya ga ta ɗauko mayafi sai ya ce, "A gai da Madam, a ce mata hayar ƙarƙashin gado ta taru."

Da tsufa ya kama ta sosai, abin ya koma damunta ta wata fuska. Ba ta son ta kwanta a kabari da kayan wani a wuyanta. Ta aika aka kira Malam Maharazu, limamin masallacin unguwa, ta tambaye shi. Ya ce ta yi iyakar ƙoƙarinta, kuma duk alamu sun nuna mai kayan ba ta fita daga tashar nan da rai ba. Ta bayar da shi ga mabuƙaci, Allah ya ga zuciyarta. Inna ta daɗe tana juya maganar, sannan ta amince. Ta yi wa Firdausi alkawari, wata marainiya a lungunmu da ke koyon ɗinki a keken aro. Ta ce a bar ta ta je Jimada ɗaya na ƙarshe. Na lura tun daga lokacin ta fara cin abinci da daɗi.

Saura wata biyu da 'yan kwanaki Jimadan ya zo, ranar ɗaya ga Oktoba, na tsaya shan shayi a teburin Sabo da safe. Hutu ne, ba fasinja. Rediyon Sabo na lissafa abubuwan da suka faru a rana irin ta: an sauke tutar Turawa a alif ɗari tara da sittin, bayan shekara uku ƙasa ta zama jamhuriya, a saba'in da tara soja suka miƙa mulki ga farar hula, a dubu biyu da goma bom ya tashi a Abuja ana tsakar biki.

"Rana ɗaya, kaya kamar na ɗan koli," in ji Sabo. "Ba ranar da aka rage kuɗin sukari a ciki?"

A bakin bencin akwai Baba Gwadabe, wani dattijo da ɗansa ya ɗauko daga ƙauye 'yan shekarun nan saboda ciwon ƙafa. Ya kurɓi shayi ya ce, "Sun tsallake ɗaya. Ta sittin da shida. Wannan ba sa son faɗa."

"Baba," in ji Sabo, "kai da ko agogo ba ka iya dubawa, ina ka san Oktoba?"

"Ɗan nema, da cinikin ɗaya ga Oktoba na yi aure na fari. Ranar ce kaɗai nake shigowa birni da rake da 'yan tutocin takarda. In zauna a Ƙofar Mazugal, 'yan makaranta masu zuwa fareti su wawashe kafin azahar." Ya ajiye kofin. "Bayan yaƙin basasa akwai wata Inyamura da ta riƙa zuwa tana zama kusa da ni. Shekara uku a jere. Ba ta sayen rake, ba ta kallon fareti. Duk macen da ta fito daga gari sai ta miƙe ta leƙa fuskarta. Wai wata Asibi mai hula take jira."

Ban ƙarasa shayina ba. Na zauna cikin adaidaitata na buɗe waya, na nemi abin da ke juya kwanan wata daga na Bature zuwa na Musulunci. Ɗaya ga Oktoba na sittin da shida ya faɗo a tsakiyar Jimada na biyu. Ulumma da kalandar bango take lissafi. Inna da wata take yi, kamar uwarta da kakarta, shi kuwa wata kowace shekara gaba yake matsowa. Kafin yaƙi ya ƙare, ranakunsu sun rabu da fiye da wata guda.

Na yi tunanin in yi shiru. Amma labarin nata ne, ba nawa ba. Na roƙi Baba Gwadabe ya shiga, na kai shi har soron gidan.

Inna ta saurare shi kanta a sunkuye. Da ya gama ta ce, "Malam, Ibo da yawa suke, Asibi ma da yawa. Yaya take?"

"Doguwa, mai wushirya. Tana jan ƙafa ɗaya."

"Tawa ba ta jan ƙafa."

"To, Hajiya, ni dai haka na gan ta. Akwai tabon ƙuna a nan." Ya nuna bayan hannunsa. "Kuma 'ke' take ce mini, duk gemun nan nawa."

Inna ta ɗora tafin hannu a kan tabarma kamar mai neman abin dafawa. "Dutsen guga ne," ta ce. "Ina wurin ya ƙona ta."

Ya ce a shekara ta biyu ta zo da yarinya 'yar kimanin shekara bakwai. A ta uku ta yi ƙarfin hali ta shiga gari da kanta, ta yi ta tambaya har Zaitawa. Ta dawo da la'asar ta ce an nuna mata Asibi har uku, ba tata a ciki. A lokacin mahaifin Inna ya riga ya rasu, an sayar da gidan, ita kuma tana Jakara da sunan da Ulumma ba ta taɓa ji ba.

"Da za ta tafi ta ce wani abu?"

Baba Gwadabe ya sosa ƙeya. "Hajiya, an daɗe."

"Faɗa mini."

"Ta ce ba komai. Ta ce ƙila an sayar."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce in bayyana mata maganar watan, na bayyana, ta ce in sake. Sai ta ce, "Ni ina ruwana da Oktoba? Abin 'yan makaranta ne. Ba wanda ya ce mini rana tana da suna biyu." Can kuma ta ɗago. "Yau ɗin ce ke nan?"

Na ce yau ce.

"Ɗauko akwatin."

La'asar ta yi lokacin da muka isa Ƙofar Mazugal. Samari na wucewa a kan babura da tutoci ɗaure a ka, suna ihu. Na shimfiɗa tabarma. Idanunta ba sa rarrabe fuska, don haka duk macen da ta doso sai ta ce in duba mata. In ce mai awara ce, in ce 'yar Islamiyya ce. Ta ce in riƙa duba masu shekara sittin da wani abu, ko yarinyar ce. Muna nan har aka kira magariba.

Washegari ta sa aka kira Malam Maharazu da Auwalu da Firdausi. Ta fara da yarinyar.

"'Yar nan, ki yafe mini. Na yi miki alkawari da abin da na zaci ba shi da mai shi. Ashe tana da 'ya."

Firdausi ta ce ba komai, Inna, ta fita tana goge ido da bakin hijabi.

Malam ya yi ƙoƙari. Ya ce hukuncin bai sauya ba, tunda ba a san garinsu ba, ba a san sunan mijinta ba, ba ta inda za a fara nema.

"Malam, a baya da ka ce in bayar, cewa ka yi ta mutu. Ba ta mutu ba. Ta zo da ƙafa ɗaya har sau uku, ta koma tana cewa na sayar. In na bayar yanzu, ai ta yi gaskiya."

Auwalu ya ce, "Inna, wannan keken ko ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ba zai saya da daraja ba. Wa zai taso daga Kudu saboda shi?"

"Ban ce da daraja ba. Na ce ba nawa ba ne. Ku shaida, ba ya cikin gadona."

Na sa hoton keken a waya da sunan Ulumma, na roƙi mutane su yaɗa. Na je Sabon Gari na tambayi dattawan Ibo biyu da aka nuna mini. Sun karɓe ni da mutunci, ɗaya har ya rubuta sunan, amma ya ce mini suna ɗaya ba gari kamar neman mutum ne a kasuwa da ido rufe. Duk sanda na dawo gida sai Inna ta ji ƙarar adaidaitata ta aiko a tambaye ni. Daga baya ta daina aikowa. Abincin ma ta koma taɓawa kawai.

Da Jimada ya raba tsakiya na leƙa na ce ko mu je. Ta ce a'a, wannan ranar ba ta kowa ba ce. Ta ce in dai Oktoba ta zagayo in faɗa mata da wuri, kada mu makara kamar bana.

Ta rasu a watan Rajab, da hantsi, bayan jinyar kwana kaɗan.

Ranar rabon gado aka fito da kayanta tsakar gida: gado, tukwane, 'yan zannuwa, gwangwanin allurai. Malam Maharazu ya sa aka ware akwatin gefe, ya tambayi wanda zai karɓi ajiyar. Auwalu ya ce shi ya ga abin da ta yi wa uwarsa, ba zai kai ta ɗakinsa ba. Jikoki suka sunkuyar da kai. Ni ba dangi ba ne, kuma ɗakin da nake kwana mu uku ne a ciki. Malam ya ce shi ma ba zai iya bayar da abin da mamaciya ta kafa shaidu a kansa ba. A ƙarshe ya sa aka kai shi ɗan ɗakin ajiya na bayan masallaci, aka tura shi lungu, kusa da makara.