Ranar Da Na Wanke Ruwan Jimar Kawu

Da ana maida hannun agogo baya, da tiyon nan zan fara komawa in tsinke. Na yi wauta iri-iri a ƙuruciya, amma wadda na yi wa kawuna a Agege ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Kawu majemi ne, ni ina hannunsa. A bayan gidan da muke haya yana da manyan kwatarniyoyi cike da wani baƙin ruwa na kashin tattabara, wanda ake jiƙa fata a ciki ta yi laushi. Bai taɓa zubar da shi gaba ɗaya ba, sai dai ya rage, ya ƙara sabo. Warinsa kuwa, idan na shiga molue, babbar motar haya, har wuri nake samu ba tare da na roƙa ba.

Lokacin kuɗin mai ne, kowa ya waye. Ni ma na ɗinka wando mai faɗin ƙafa, ina leƙa makarantar yamma, inda malami ya ce mana ruwa mai gudu shi ne tsafta, kwantacce kuwa gidan cuta. Wannan jimla ɗaya na riƙe, na ɗauka na gama ilimi.

Shekarar aka jawo mana famfo, Kawu kuma ya tafi aikin Hajji. Ya ce, "Kai, layya za ta same ka ba na nan. Ka karɓi fatun mutane ka yi musu buzu. Ruwan nan kada ka dame shi."

Bayan Sallah fatu suka taru, har da ta ragon Liman, fara tas mai yalwar gashi. Matar mai gidanmu, Bayarabiya, ta toshe hanci ta ce, "Malla, yanzu da baba ba ya nan, ba za ka tausaya mana ba?" Sai na ji ranar nuna boko ta zo. Na huda kowace kwatarniya kusa da baki, na zura tiyo har ƙasa, na saki famfo yana zuba a hankali dare da rana. Baƙin ruwa ya bi lambatu. Wari ya ɗauke. Duba-gari ya zo ya ga ruwa garai-garai, ya ba ni hannu ya kira ni oga. Kwana na yi ban sauko daga girman kai ba.

Fatu dai suka ƙi laushi, sai na ce a ƙara musu kwanaki. Can na lura wani yauƙi ya lulluɓe bangon kwatarniya da jikin fatun, mai santsi kamar miyar kuɓewa. Na kankare, ya dawo ya fi da. Da na ɗago ta Liman, gashin ya biyo hannuna, fatar ta rage tsirara. Da ta bushe, sai ta ƙage kamar kwano.

Sai da na tsufa jikata mai aikin gwaje-gwaje a asibiti ta warware mini. Ta ce ƙananan halittu ne iri-iri ke zaune tare a ruwan, ido ba ya ganinsu. A kwantaccen ruwa masu tausasa fata ke rinjaye. Da ruwa ya fara gudu sai ya kwashe su, ya bar masu manne wa bango, su kuwa kullum sabon ruwa na kawo musu iska, suka yi ta yaɗuwa har suka ci saiwar gashi. Wato na kori ma'aikata, na ciyar da 'yan zaman banza.

Ranar da Kawu ya dawo da haƙorinsa na Makka, tun daga ƙofa ya daina murmushi. Ya shaƙi iska ya ce, "Ina warin?"

Kafin in haɗa amsa, ga Liman ya shigo yi masa barka, na kuwa miƙa masa ajiyarsa. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da yatsa.

"Alhaji, ni dai rago na yanka mai gashi. Wannan yaron naka wanzami ne?"

Aka fashe da dariya, ban da Kawu. Mutumin da bai taɓa ɓata fatar kowa ba, shi ya bi gida-gida da sabon rawaninsa yana ba da haƙuri. Sannan, ina biye da shi, ya kai kansa unguwar Oyingbo wurin wani majemi da suka daɗe ba sa ga-maciji, ya roƙi bokitin tsohon ruwa don ya tayar da nasa. Ina tsaye mutumin ya ce, "Ashe Alhaji har da mu a cikin ziyara?" Kawu ya haɗiye, ya yi godiya. A hanya bai zage ni ba, bai kuma dube ni ba, kuma da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Don Allah, duk wanda aka bar wa amanar abin da bai gane ba, ya tambayi mai shi kafin ya gyara. Ni ban tambaya ba, kuma dattijon da bai yi laifi ba shi ya durƙusa a madadina.